Ƙuri'un da Na Ƙirga Ni Kaɗai

Shekarar da aka hana hawan babur a Diffa, aka tsayar da fitar da tattasai da kifi banda, ita ce shekarata ta ashirin da biyu ina riƙe da alli. Wanda ya zauna garin nan a lokacin ba sai an tuna masa ba. Mutanen bakin kogin Komadugu suka taso da tabarminsu da tukwanensu, wasu suka zube gefen kwalta a Assaga, wasu suka shigo gari wajen dangi. Ajin da aka yi don yara hamsin ya koma ɗaukar saba'in da biyar. Ana cikin darasi, in mota ta yi ƙara a titi, duk kawuna sai su juya wajen taga, har da nawa.

Da ajami na fara rubuta wannan labari, don da shi hannuna ya fi sabawa, sannan na juyo shi boko saboda ku, sababbin malamai ƴan kwantiragi. Na ji abin da kuke cewa in an raba awowi. Wanda aka ba lissafi ya ɗaga kafaɗa, wanda aka ɗora wa tarbiyyar ɗan ƙasa, wadda yara ke kira sibik, ya ce ya samu awar hutu. A cika tablo, wato allon bango, da sunayen ma'aikatu, yara su kwafe, a tashi. Ni ma da haka na fara, Allah ya yafe mini.

Wanda ya raba ni da wannan tunani shi ne Mushe Bulus, wani Kirista mutumin Dogon Dutsi, wanda na tarar a lakwal ɗin farko da aka tura ni. Mushe dai haka ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a wajenmu. Gajere ne, ba ya zama kan kujera, kullum aljihunsa fari fat da alli. Sati na biyu da zuwana ya tsaya bakin taga yana sauraren darasina. Da aka tashi ya kira ni gindin bedi.

"Malam Habu, me kake so yaran nan su iya in shekara ta ƙare?"

Na ce su san hukumomin ƙasa da aikin kowace.

Ya ce, "Wannan ai aku ma zai iya. Cikinsu mutum nawa ne suka san ƙofar da ake shiga a meri, ofishin magajin gari, in ana neman takardar haihuwa? Mutum nawa ne za su iya miƙewa su ce wa babba bai yi daidai ba, ba tare da zagi ba, ba kuma tare da rawar murya ba? In an kayar da yaro a zaɓe, zai iya miƙa wa wanda ya kayar da shi hannu?"

Ya ce to gobe in zo da kwali.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma babu mai tsada. Akwai taswirar ƙasa wadda gara ta cinye mata arewa. Akwai ɗan littafin tsarin mulki, wanda ban taɓa tsufa da guda ba, kafin bangonsa ya yage sai a kawo wani sabo. Akwai tawadar hatimi ta dangwala yatsa. Amma babba a cikinsu kwalin sukari ne, wanda za ka roƙo a kanti, ka tsaga masa baki a sama da reza, ka ɗaure shi da igiya. Da shi ake zaɓen shugaban aji a watan farko. Mushe Bulus bai yarda a ɗaga hannu ba, don yaro yana ɗaga hannu ne yana kallon wanda ya fi shi ƙarfi. Sai an rubuta sunayen masu zaɓe, an yanka takardu daidai da yawansu, an kafa zane a kusurwa inda mutum zai ɓuya ya rubuta, an nuna wa kowa cikin kwalin babu kome kafin a ɗaure. Ya kan ce duk wannan shiri ne kawai, darasin yana wajen ƙirga. Ana kwance igiya a gaban aji, ƙofa a buɗe, a ɗaga kowace takarda sama a karanta da ƙarfi, yaro guda yana ja a tablo. Malam ya koma bayan aji ya harɗe hannuwansa. Wannan ya maimaita mini har na gaji da ji: kwalin ba ya fita daga ɗakin sai an ƙirga.

Masu sayen hajarmu iyaye ne, kuma ba kowane ke ganin amfaninta ba. Na tuna wani Bafillace da ya zo har bakin aji da sandarsa, ya ce an gaya masa ina fitar da yara yawo cikin gari maimakon karatu. Gaskiya ne, ranar na shirya kai su meri su ga inda ake rubuta haihuwa. Na ce ya biyo mu. Ya biyo mu yana gunaguni. A can ne ya ji da kunnensa cewa ɗansa Jauro ba zai zauna jarrabawar birbe ta gama ƙaramar sakandare ba in babu takarda, shi kuwa yaron a ruga aka haife shi, babu wanda ya rubuta. Yaron da kansa ya tambayi ma'aikacin shaidu nawa ake bukata, kuma wace rana alƙali ke zama. Uban ya dube shi kamar bai taɓa ganinsa ba. Bayan wata biyu ya aiko mini da ƙwaryar nono, babu saƙo.

Abin da nake fara gaya wa kowane aji ranar farko ke nan. Ba na neman wanda ya fi hadda. Kafin damina ina son kowa ya riƙe takardarsa ta haihuwa a hannu, ya iya rubuta koke na layi biyar wanda hukuma za ta karanta, ya iya jin maganar da ba ya so har mai ita ya kai aya. In ya ga ba a yi daidai ba, ya nemi gyara a rubuce, ya sa sunansa a ƙasa. Na kan ƙara da cewa ni ma in na karkace a rubuto mini. Shekara ashirin da ɗaya ina faɗin wannan, yara suna dariya, babu wanda ya taɓa rubutowa.

To, mu koma waccan shekara. Ajin katriyam ne, wato aji na uku a sakandare. Yaran gari suka zauna gaba inda suka saba, yaran bakin kogi suka cushe a baya, huɗu huɗu a benci. Ba sa faɗa, amma ba sa aron biki, wato alƙalamin rubutu, a tsakaninsu. Da lokacin zaɓe ya zo, mutum biyu suka tsaya. Ɗaya Lawali, ɗan wani Alhaji mutumin Damagaram mai kanti a kasuwa, wanda kuma shi ne shugaban iyayen yara. Yaro ne mai fara'a, ba shi da mugunta. Ɗayar Fanna, yarinya daga wani ƙauye kusa da Gueskérou, wadda iyayenta ke zaune cikin bukkar leda a Assaga, ita kuma tana wajen gwaggonta a gari. Hausarta da nauyin Barebari, in ta yi magana na gaba sukan rufe baki. Ranar da kowa ya faɗi abin da zai yi, Lawali ya yi alkawarin ƙwallo sabuwa. Fanna ta ce ita abu guda za ta yi, za a riƙa juya zama duk sati, na baya su dawo gaba, don a baya ba a ganin tablo. Na lura har wasu gajerun yaran gari sun gyaɗa kai.

Ana gobe zaɓe darakta ya kira ni ofis. Alhaji na zaune, carbi a hannu. Ba su ɗaga murya ba. Ku da ba ku ga lokacin ba, sai na yi muku bayani. Shugaban aji shi ke riƙe kaye, wato littafin kiran suna, wanda ke ɗauke da sunan kowane yaro, da na ubansa, da unguwarsu. A shekarar nan takarda mai jerin sunaye abin tsoro ce. Kowa na zargin kowa, musamman wanda ya fito daga bakin ruwa.

Alhaji ya ce, "Malam, ba mu ce yarinyar nan ta yi wani abu ba. Amma ka san wa ke shiga bukkar ubanta? Ni ban sani ba. Iyaye sun ce in kayen nan ya shiga hannunta za su kwashe ƴaƴansu."

Na ce ai ana iya barin kayen a ofis, shugaba ya zama shugaba.

Darakta ya ce, "Ba kayen ba ne kawai, Mushe Habu. Ka rufa mana asiri mu ga ƙarshen shekarar nan lafiya. Wasan yara ne."

Da na ce a'a a wurin, da labarin ya ƙare nan. Sai na ce bari mu ga abin da kwali zai ce, ina fatan kwalin ya fitar da ni.

Washegari aka yi kome bisa ƙa'ida. Aka nuna kwali babu kome, aka ɗaure, aka dangwala yatsu. Na ƙarshe na jefa tasa ke nan sai aka ji wata ƙara daga wajen gari, sirbeyan, mai kula da ladabin yara, ya bi aji aji yana cewa kowa ya tafi gida. Daga baya aka ce ba kome ba ne. Minti goma sun isa a ƙirga, kuma yaran ba su motsa ba, suna kallona. Ni kuwa na ɗauki kwalin na sa a hammata na ce gobe za su ji sakamako.

A ofis na rufe ƙofa na kwance igiya. Fanna arba'in da ɗaya, Lawali talatin da uku, takarda guda babu rubutu. Na sake ƙirgawa, bai canza ba. Tun ina yaro a makarantar mahaifina a Damagaram na saba ba na ƙirga abu ban rubuta ba, kuma duk abin da ba na son yara su leƙa da ajami nake rubuta shi, don na ɗauka ɗan lakwal boko kawai ya sani. Sai na rubuta sunayen biyu da adadinsu a cikin marfin kwalin. Takardun na zuba a leda na kai gida. Da safe na tsaya gaban aji na ce Lawali ya ci. Na gaba suka yi tafi. Fanna ta taso daga baya, ta ratsa benci, ta ce wa Lawali barka, kamar yadda na koya musu. Kwalin kuwa na mayar da shi kusurwar aji muna ajiye alli da tsumma a ciki.

Na manta daga inda yarinyar ta fito. A ƙauyukan bakin Komadugu yaro yana wanke allo tun kafin ya san hanyar lakwal. Ranar Alhamis sharar aji ta faɗo kanta, tsumman kuwa yana cikin kwalin da na yi wa rubutu a marfi.

Litinin, bayan an sauko daga ɗaga tuta, ta same ni bakin ƙofa ta miƙo takarda ninke da hannu biyu.

"Mushe, ka ce a rubuto."

Na buɗe bayan ta wuce. Layi biyar ne cif, da tawadar allo, da ajami mai kyau irin na Barno. Ta ce ita Fanna, ƴar ajin katriyam, tana roƙon a sake ƙirga ƙuri'u a gaban aji, ƙofa a buɗe, kamar yadda aka koya musu. Ta sa sunanta a ƙasa. Ta iya Faransanci sarai, ta fi Lawali maki. Da ta rubuta da shi, sirbeyan ko wani malami na iya gani a kan teburina. Ta zaɓi rubutun da ni kaɗai zan karanta a lakwal ɗin nan.

Na sa takardar a aljihu na ce zan amsa in gari ya lafa. Gari bai lafa ba. Aka rufe lakwal, aka buɗe, aka sake rufewa. Ba ta ƙara tambayata ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba, iyakar sanina. Amma ajin ya mutu a hannuna. In na yi tambaya na baya sai su dubi ƙasa. Na yi darasin haƙƙin ɗan ƙasa ina jin muryata kamar ta mai tallan maganin da ya san ba ya aiki. Na rasa zama, na riƙa kai da komo tsakanin benci har yara suka sa mini suna Mai Sintiri. Ƙarshen shekara gwaggon Fanna ta tashi, aka mayar da ita wata lakwal. Na ɗauke kwalin na ninke, na haɗa da ledar ƙuri'u da takardarta, na sa a ƙasan akwatin ƙarfe inda nake ajiye littattafan mahaifina. Na ci gaba da yin zaɓe a kowane aji, ban ƙara fita da kwali ba ko sau ɗaya. Amma wancan yana nan. Sau biyu muna tashi daga gida, ruwa ya shigo mana a shekarar ambaliya, akwatin nan shi na fara ɗorawa a ka.

Shekara tara bayan haka, na riga na ajiye aiki, aka roƙe ni in riƙa zagayawa ina duba sababbin malamai, irin abin da Mushe Bulus, Allah ya kyauta makwancinsa, ya yi mini. Aka ba ni sunan wata lakwal ta rumfunan zana a wajen Assaga. Na isa da hantsi na tsaya bayan zana ina saurare. Muryar mace ce, Hausarta da nauyin Barebari, tana bayanin aikin meri, kuma bayanin ya yi kyau. Da aka fita shan iska ta gan ni, ta rusuna.

"Lale, Mushe. Ashe kai ne aka ce zai zo."

Muka gaisa, na tambayi iyayenta, ta ce uban ya rasu, uwar na nan. Na yi mata ta'aziyya. Na dubi kusurwar rumfar, na ce ina kwalinku?

"Wane kwali?"

"Na zaɓen shugaban aji."

"Ba ma yi. Ina duba wanda ya fi natsuwa in naɗa shi."

Na ce me ya sa?

Ta gyara lulluɓinta, ba fushi a fuskarta. "Mushe, yanka takardu da dangwala yatsa wahala ce. Tunda a ƙarshe malam ne zai zaɓa, gara kada a sa wa yara rai."

Ban rubuta kome a takardar dubawa ba. Na hau mota na koma gari, ban tsaya gida ba sai kasuwa. Lawali ya gaji kantin ubansa, ya yi ƙiba, yana zaune bayan buhunan shinkafa. Na gaya masa kome a tsaye, ina jiran ya ɓata rai. Sai ya fashe da dariya har ya riƙe ciki.

"Haba Mushe! Ai tun ranar na sani. Na ƙirga mutanena da yatsa, ko da na haɗa da masu cin alewata ba su kai ba. Har Sani da ke zaune a bayana ita ya zaɓa, shi ya gaya mini, wai ba ya ganin tablo saboda kaina."

Na ce to me ya hana ka magana?

Dariyar ta tsaya. Ya ce, "Kai ne malamin sibik. Na ɗauka haka ake yi."

Na ce ina son ya raka ni ranar Laraba. Ya ce shi zai tuƙa.

Muka isa ana tsakiyar darasi. Na nemi izinin shiga, ta ba ni. Na buɗe kwalin na mayar da shi siffarsa, ya yi laushi, sai da na tallafe gindinsa. Na zuba takardun ciki. Na gaya wa yaran ko ni wane ne, na ce malamarsu ɗalibata ce, ta rubuto mini koke shekara tara da suka wuce ban amsa ba. Na fito da takardar na karanta layi biyar ɗin da ƙarfi. Na ce an yi zaɓe, na fita da kwali, na faɗi abin da ba shi ne ba, tsoro ne ya sa ni, kuma tsoro ba hujja ba ne. Wani yaro a gaba ya ce, "Kai!" aka yi masa tsawa.

Na ce rumfar nan ba ta da ƙofa, to sharaɗi guda ya cika. Na nemi yara biyu, ɗaya ta ɗaga takarda ta karanta, ɗaya ya ja a tablo. Na koma baya na harɗe hannuwana. Lawali na tsaye gefe a matsayin ɗan takara, yana ta share zufa.

Tawadar wasu ta dushe, sai an kai su wajen haske. Fanna. Fanna. Lawali. Fanna. Da farko yaran na dariya, can sai suka shiga ƙirgawa tare da baki ɗaya. Da aka kai talatin da talatin wata yarinya ta miƙe tsaye kan benci. Malamarsu ba ta ce ta sauka ba, tana tsaye jikin ginshiƙin rumfa tana kallon tablo kawai. Aka ƙare, arba'in da ɗaya, talatin da uku, guda babu rubutu.

Lawali ya tako ya tsaya gabanta ya dafa ƙirji. "Shugaba, barka. Kayen kiran suna dai ya ɓace, sai haƙuri. Ƙwallon ma ban taɓa sayowa ba."

Ta ce, "Zaman ma ba a juya ba."

Na miƙa mata takardarta da biki. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ɗora a kan tebur ta rubuta a ƙasa, da ajami, ta juyo mini in gani: an amsa. Ta ninke ta sa a jakarta. Na ce ta yafe mini, ta ce ta yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Na sunkuya zan ɗauki kwalin, ta ɗora hannu a kansa.

"Bar shi nan, Mushe. Jibi za mu yi zaɓe."

Na ce wannan ya tsufa, Lawali zai aiko da sabo daga kanti.

"Wannan nake so. Ka zo jibi ka gani in kana da hali." Ta nuna mini benci na can ƙarshe. "Ga wurinka. Amma ba za ka taɓa shi ba."

Jibin na je tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Na zauna inda ta nuna, hannuwana a harɗe, har aka karanta takarda ta ƙarshe.